Sun nuna mana Kurmi a bidiyo, sun ce mu kawo kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wasu matasa uku da na sani a nan Kano suna haɗa wasan intanet irin na da, samfurin RuneScape, wanda jama'a ke shiga duniya ɗaya su yi fatauci su yi yaƙi. Sun gina shi a kan Kano ta dauri: ganuwa, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, ayarin fatake. Bidiyon da suka saki sai da ya tayar mini da tsigar jiki. Yanzu suna karo-karo. Wanda ya ba da naira dubu 50 za a ba shi rumfa a kasuwar cikin wasan, in wasa ya fito kuma a raba riba da shi. Sun ce tunda hotunan irin na da ne aikin ba wuya, wata shida ya isa. Kuɗin ajiyata ne, kuma hankalina ya ƙi kwanciya. In saka? (Daga wani mai karatu a Gwammaja)

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena. Hankalinka ya fi bidiyon gaskiya. Kada ka saka tukuna.

Ban ce yaran nan 'yan damfara ba ne, wataƙila da zuciya ɗaya suke yi. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne maganar nan ta "hotunan irin na da ne, aikin ba wuya". Kullum sai na ji ta, har na gaji. Duk wanda ya faɗe ta, ya shaida wa kansa cewa bai taɓa tara mutum ɗari a sabar guda ba, wato babbar kwamfutar da duk masu wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet.

Zane ai shi ne mai araha a wannan sana'a. Yau yaro zai sayi gidaje, dawakai da itatuwa a shagon Unity ko Unreal, manhajojin da ake gina wasanni da su, ya jera su, ya zagaya da kyamara, cikin mako biyu ya fito da abin da zai sa ka hawaye. A bidiyon nan mutum nawa ne ke wasa? Ɗaya, a kan kwamfutarsa, ba intanet ma. Wahalar tana farawa ne ranar da mutum na biyu ya shigo. Kai kana Gwammaja da data mai rawa, shi yana Legas, ku duka kun miƙa hannu kan takobi ɗaya a ƙasa: wa ya riga? Sabar ce za ta yanke hukunci, ba wayar kowa ba, domin in aka bar wa wayar ɗan wasa ikon cewa "ina da zinare dubu", gobe da safe kowa attajiri ne. Ga kuma tsohuwar masifa: ka miƙa wa abokinka kaya, sabar ta adana nasa ba ta adana naka ba, sai ta faɗi. Da ta dawo, kayan na hannunsa, suna kuma hannunka. Masu wayo suna gano haka za su riƙa kayar da ita da gangan. Cikin 'yan kwanaki kuɗin wasan ya zama takarda, rumfar da ka saya dubu 50 kuma ba mai tayawa.

Manyan da suka kafa wannan fage ma sun sha kashi. A 1997, lokacin gwajin wasan Ultima Online, wani ɗan wasa ya kashe Lord British, wato halittar mai wasan kansa Richard Garriott, a bainar jama'a, saboda an sake tayar da sabar aka manta ba a mayar masa da kariyarsa ba. A RuneScape kuwa, ranar 6 ga Yuni 2006, wata ɓaraka ta ba wasu damar kai hari a tsakiyar garin Falador, inda bai kamata a iya taɓa kowa ba, mutane suka yi asarar kayan da suka daɗe suna tarawa. Kamfanoni ne fa masu ma'aikata da albashi.

Shi RuneScape ɗin da suke kwatance da shi, ka san me ya riƙe shi? Sabarsa tana lissafi ne sau ɗaya a duk daƙiƙa 0.6, shi ya sa mai raunin intanet ma yake iya bugawa, kuma kowace duniya an ƙayyade mata mutum 2,000. Dabara ce aka zauna aka yi. Old School RuneScape da ya fito a 2013 ma ba daga tushe aka gina shi ba, ajiyar wasan ta watan Agustan 2007 kamfanin Jagex ya tono, mai shekaru ana gyara ta. Sai wani ya kalli munin hoton ya ce wata shida!

Batun karo-karo kuma, tara kuɗi daban, gama wasa daban. Mark Jacobs, wanda ya jagoranci haɗa wasan Dark Age of Camelot, ya tara sama da dala miliyan 2 a Kickstarter, dandalin karo-karo na intanet, a 2013 don sabon wasansa Camelot Unchained, aka haura shekara goma ba a ga cikakken wasa ba. Crowfall ya tara kusan dala miliyan 1.8 a 2015, ya fito a 2021, aka kashe sabarsa a 2022. Wanda ya fi kama da naku shi ne Chronicles of Elyria. Ya tara sama da dala miliyan 1.3 a 2016, ya ci gaba da sayar wa mutane filaye da sarautu a duniyar da ba a gina ba, a watan Maris na 2020 aka sallami ma'aikata, magana ta kai kotu. Kai ɗan Kano ne, ka san labarin dillalin da ke nuna fili a takarda, in ka ce a je a gani sai ya ce hanya ba kyau. Rumfar nan taka a takarda take.

Alƙawarin raba riba shi ma ka dube shi da kyau. A Kickstarter mai bayarwa ba ya samun hannun jari, tukuici kawai ake masa alƙawari, kuma in ba a kai adadin da aka nema ba, ba a cirar kuɗin kowa. Da an ce riba, an shiga zuba jari, kuma hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da harkar hannun jari, ta fitar da ƙa'idoji tun 2021 cewa irin wannan sai ta dandalin da ta yi wa rajista. Lambar asusun mutum ɗaya da aka liƙa a WhatsApp ba ta cikinsu. Mun ga MMM a 2016, amma har yau in aka ce riba sai kunnuwa su toshe. Haushina ya fi yawa kan masu kiran kansu ƙwararru, waɗanda suka kalli darasi biyu a YouTube suka buɗe aji suna karɓar kuɗin yara, suna koya musu jera gidaje, ba wanda ya taɓa ce musu ga yadda ake adana ciniki kada ya ninku. Su ne ke haifar da irin wannan "wata shida".

Ka je wurin yaran da mutunci, ka ce gani ya kori ji. Ba ka son ganuwa, ba ka son doki. Su ba ka ɗaki ɗaya, ko da akwatuna ne ke yawo a ciki a madadin mutane. Ka tara abokai ashirin, wasu a Sabon Gari, wasu a Hotoro, kowa da layinsa, ku shiga lokaci guda bayan sallar isha'i, sa'ar da intanet ke nauyi. Ku yi ciniki. A tsakiyar cinikin ka kashe datarka, ka dawo ka duba jakarka. Sannan ka ce su kashe sabar su tayar a gabanka, a ƙirga kayan kowa. Ka tambaye su a ina sabar take, wa zai riƙa biyan hayarta da dala duk wata bayan kuɗin karo-karo ya ƙare, kuma in tana ɗakin ɗayansu ne, me ke faruwa in an ɗauke wuta.

In sun tsallake wannan, ka ba su abin da ba zai hana ka barci ba in ya tafi, da sunan gudummawa, a rubuce, ba kuɗin ajiyarka ba. In kuwa suka ce sabar sai an tara kuɗi za a fara, ka ce musu kai ma sai an fara za ka kawo.