Na shanye ɓacin rai, barci ya ƙaurace mini

Tambaya: Likita, ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya. Na yi gwajin EQ, wato na basirar motsin rai, a waya na ci 42 cikin 100. Wani mai koyar da kwas a kan haka ya ce matsalata nuna ɓacin rai, in koyi shanyewa. Wata uku ke nan ko an cuce ni ba na tankawa, amma barci ya ƙaurace mini, kaina ba ya daina ciwo. Ni ce ba ni da basira?

Amsa: Malama, ki ajiye wannan 42 ɗin. A irin gwajin nan ke kike ba kanki maki, don haka ra'ayinki game da kanki kawai ya auna. Gwajin da masana suka fi dogaro da shi, MSCEIT na Mayer da Salovey da Caruso, tambayoyi 141 ne da ake warwarewa, kuma ƙwararre ke fassara sakamakon.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da aka ba ki, domin kullum sai na gamu da ita a asibiti. Mutane sun ɗauka basirar motsin rai ita ce mutum ya haɗiye komai ya yi murmushi. Tun 1990 da Salovey da Mayer suka fayyace ta, nufinsu mutum ya gane abin da yake ji, ya fahimci dalilinsa, ya sarrafa shi. Wanda ya danne bai sarrafa komai ba. Binciken James Gross, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna mai ɓoye abin da ke ransa fuskarsa ce kawai ke lafawa, jikinsa yana nan a tashe. Mata nawa ke zuwa da ciwon kai da faɗuwar gaba, an yi shekaru ana ce musu "ki yi haƙuri", ba wanda ya taɓa tambayarsu me ke damunsu? Sannan wani ya tara mutane kwana biyu, ya karɓi kuɗinsu, ya ƙara musu wannan cutar, har da takardar shaida! Hadisi ya yabi mai mallakar kansa yayin fushi. Mai mallakar doki linzami yake riƙewa, yana sane da inda ya dosa.

In ranki ya ɓaci, ki kira abin da sunansa: fushi ne, kunya ce, ko tsoro? Ki bari ki huce, sannan ki faɗa wa mutumin abin da ya yi miki, cikin ladabi. Rashin barcin wata uku kuwa ya isa a duba. Ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU, a kuma auna miki hawan jini.