Tambayoyinku: Wai gwamna ba ya iya ba ɗan sanda umarni?

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani ɗan'uwa a Tsafe, jihar Zamfara. Ya ce: "Malam barka da ƙoƙari. Kullum muna ji ana cewa gwamna shi ne shugaban tsaro a jiharsa, amma da an kai hari ƙauye sai ka ji gwamnan a rediyo yana cewa shi ko kurtun ɗan sanda ba ya iya juyawa. Gaskiya yake faɗa ko zamewa ce kawai?"

Toh ɗan'uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Maganar gwamnan akwai gaskiya a ciki, akwai kuma fakewa. Kundin tsarin mulkin 1999, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami ta bar mana ya fara aiki ran 29 ga Mayu na shekarar, a sashe na 214 cewa ya yi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce tak a Najeriya, ba a yarda a kafa wata ba. Sufeto Janar shugaban ƙasa ke naɗa shi. Sai sashe na 215 ya zo ya ce gwamna zai iya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni kan zaman lafiya, ka ga kamar an ba shi iko ke nan, amma a nan wurin aka ƙara cewa kwamishinan yana da damar ya ce dakata ranka ya daɗe, sai an miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko minista tukuna. An ba ka linzami an riƙe dokin. Sojoji kuwa ba ma a magana, shugaban ƙasa ne babban kwamandansu.

Asalin abin yana can bayan kundin, inda aka jera wa ke da hurumin me. Akwai jerin da gwamnatin tarayya kaɗai ke taɓawa, tun farko abubuwa 68 ne, ciki har da soja, 'yan sanda, makamai, buga kuɗi, kwastan, fasfo, ma'adinai da man fetur. Akwai jeri na biyu da tarayya da jiha duk za su iya yin doka a kai, kamar ilimin gaba da firamare da harkar bunƙasa noma, amma in dokokin suka ci karo ta tarayya ce ke sama. Abin da bai shiga ko ɗaya ba na jiha ne, shi ya sa maganar sarautun gargajiya majalisar jiha ke yi wa doka. Wannan ne dalilin da Katsina ta kafa jami'an sa-ido na al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, ba wanda ya kira su 'yan sanda, kuma irin bindigar da za su riƙe ma ba gwamna ke da ta cewa ba tunda makamai na jerin farko ne.

Inda nake cewa akwai fakewa kuwa, ai gwamnonin nan su ke sayen motocin Hilux ɗin sintiri su zuba mai su biya alawus, suna kuma da kuɗin tsaro da ba kasafai ake jin bayaninsa ba, kuma dukkansu mambobi ne a majalisar kula da 'yan sanda ta ƙasa. Wanda ke ciyar da kai wuya ne ka ƙi ɗaga wayarsa. Sannan jerin nan ba wahayi ba ne, a 2023 Buhari ya sa hannu aka mayar da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali jeri na biyu. Hanyar gyaran dai doguwa ce, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince.

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: "In shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a doka shi ke nan ta mutu?"

A'a ƙanwata, ba ta mutu ba. Kundin ya raba aikin gida uku a sashe na 4, 5 da 6, majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta fassara. In sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 suka gama da ƙuduri aka kai masa, kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, suka sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku a kowane zaure, ya zama doka ko yana so ko ba ya so. An taɓa yi wa Obasanjo haka a 2000 kan dokar kafa hukumar raya Neja Delta. Ba a cika yi ba dai, don mafi yawan lokaci jam'iyyarsu ɗaya kuma kowa na duba tikitinsa na gaba.

Sai wata Hajiya daga Kano da ta ce bola ta cika musu layi, kwata ta toshe, sun je sakatariya an ce babu kuɗi. Wa za su kama?

Hajiya a takarda kam ciyaman ne. Kundin ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi 774, Kano na da 44 a ciki: kwashe shara, kasuwanni, tashar mota, maƙabarta, mayanka, rajistar haihuwa da mutuwa, har sa wa tituna suna da lambar gidaje. Matsalar ita ce sashe na 162 ya ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa, kuɗin ƙaramar hukuma su fito daga Abuja su sauka a hannun jiha, daga nan kuma sai abin da aka ga dama, wani ciyaman ɗin in ya biya albashi ya sallami kansiloli aljihu ya ƙare. Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi maimakon zaɓaɓɓu haramun ne a doka. Amma fa zaɓen ciyamomin hukumar zaɓen jiha ke shirya shi ba INEC ba, gwamna ke naɗa mutanenta, shi ya sa kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun kaf, kuma wanda aka ɗauko aka ɗora wuya ne ya ce kuɗina ne.

Shawarata ku haɗu ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, kwafi ɗaya ga kansilan mazaɓarku, ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga hukumar shara ta jiha tunda a cikin birni ita ma tana kwasa, ɗaya kuma ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, don majalisarsu ce ke yin dokar da ƙananan hukumomin ke tafiya a kai. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata.