Cire baƙin shafe mai kauri daga but ɗin Peugeot 504

Tambayarka ta iso ni, ɗana. Ka ce: "Maigida, baƙin shafen da aka fesa a but ɗin 504 da aka kawo mana, na zuba masa tinna, ruwan tsinka fenti, ko gezau bai yi ba. In kunna wutar gas in ƙone shi?"

A'a. Kada wuta ta kusanci wannan but. Zauna in gaya maka dalili, sannan in nuna maka hanya.

Abin da kake gani ba fenti ba ne, ba kuma kwalta ba. Shafe ne da aka yi domin bayan motocin ɗaukar kaya irin su Hilux, don kada buhuna da ƙarafa su goge fenti. Kamfanoni irin su Line-X da Rhino Linings da U-POL mai yin Raptor ke yin sa, daga sinadarin polyurethane ko ɗan'uwansa polyurea. Yawanci ruwa biyu ake haɗawa, su kama juna su zama roba guda. Idan ya bushe, ba ya sake narkewa, shi ya sa tinnarka ta tafi a banza. In kuwa ka sa masa harshen wuta, ƙonewa zai yi, kuma hayaƙinsa na ɗauke da guba, har da isocyanate da cyanide. Kai kuma kanka na cikin ramin but, kana shaƙa. Ga tankin mai a bayan motar, dab da inda kake aiki. Ga ƙarfen kansa, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba: zafin gas zai lanƙwasa shi, mu kwana muna bugu bai koma yadda yake ba.

Wannan mota ta cancanci a bi ta a hankali. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kamfanin Peugeot na Kaduna, wato PAN, ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da yin 504 shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Yanzu ba a yin ta, sabon ƙarfen ƙasan but ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba. Wanda ke jikinta shi za mu ceto.

Fara da cire kan batir. Kwance fitilun baya, ka janye wayoyi, ka cire robar bakin but. Tankin mai ka sauke shi gaba ɗaya, ka ajiye nesa. Kada ka ce ai babu mai a ciki. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kama wuta.

Daga nan ka gwada shafen kafin ka zaɓi makami. Sami kusurwa, ka yanka ɗan murabba'i da wuƙa, ka sa makankari a ƙarƙashinsa. Idan wanda ya fesa bai goge fentin ƙasa da sanfefa ba, zai ɗago ya biyo hannunka kamar fatar rago a hannun mahauci. In haka ne, ka gode wa Allah, aikinka ya yi sauƙi. In ya ƙi ɗagowa, to an gyara wurin kafin a fesa, sai an yi haƙuri.

Maganinsa zafi ne marar harshe. Ɗauko na'urar hura iska mai zafi, ka sa ta a matsakaici, ka riƙa yawo da ita a wuri kamar faɗin tafin hannu. Kada ka tsaya a gu ɗaya. So muke ya yi laushi kawai. Da ka ga hayaƙi ko ya fara kumfa, ka wuce gona da iri, janye hannunka. Yana yin laushi ka tura makankari a kwance, ba a tsaye ba, don kada ka yi wa ƙarfen rauni. Ka ɗan goge kaifin kusurwoyin makankarin tukuna. Ni nakan ja shafen tsiri-tsiri da wuƙa kafin in fara, kowane tsiri faɗin yatsu uku, sai hannu ɗaya na dumamawa, ɗaya na ja. A waje za ka yi, inda iska ke kaɗawa, kuma in ka bar motar a rana tun hantsi, rana ta rage maka rabin aikin.

Akwai masu zuba sinadarin cire fenti mai methylene chloride. Yana ci, amma ba na so in gan shi a hannunka. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan rami irin but, kuma ya kashe mutane a wuraren da iska ba ta shiga. Amurka ta hana sayar wa jama'a shi don cire fenti a 2019. Feshin yashi kuma ɓata lokaci ne a matakin farko, domin yashin dawowa yake daga jikin roba.

Giranda sai a ƙarshe. Idan ka sa mata faifan sanfefa tun shafen na da kauri, zai narke ya toshe faifan. Bari sai saura guntaye, sannan ka ɗaura burushin ƙarfe ka bi lunguna da kwaruruwan ƙasan but. Tabarau da abin rufe hanci na gaske dole ne, domin wayoyin burushin na tsinkewa su tashi, ƙurar kuma ba ta shaƙa ba ce. Ƙyalle a fuska bai isa ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Sau da yawa ba a fesa irin wannan shafe a tsohuwar mota sai don a rufe wani abu. Idan robar bakin but ta mutu, ruwan damina na shiga, ya sami ƙaramar tsaga ya kwanta tsakanin shafen da ƙarfe, ba hanyar bushewa. Daga sama baƙi sumul, a ƙasa tsatsa na ci. Saboda haka duk inda ka kankare, ka tsaya ka duba: kusurwoyin bayan tayoyi, ƙarƙashin fitilu, da duk layin da ƙarfe biyu suka haɗu. Danna da sukudireba. In ta shige, yanke wurin za a yi a yi waldar sabon ƙarfe, kuma sai ka kankare shafen tsaf kamar faɗin hannu kewaye da wurin, ciki da waje, kafin walda ta taɓa shi. Ba na yarda a cusa fila, wato ƙullun cike lotsawar mota, a rami a ce an gyara. Tsatsar sama-sama kuwa, a goge ta, a shafa maganin tsatsa mai phosphoric acid, a tsabtace yadda aka rubuta a jikin gwangwanin.

Ƙarfe tsirara ba ya kwana, musamman da damina. Ranar da ka gama gogewa, ranar za ka share maiƙo ka fesa firamar epoxy, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, sannan a toshe layukan haɗi, fenti ya biyo baya. Gaya wa mai motar ya sayo sabuwar robar bakin but tun yanzu. Kuma kafin ka fesa komai, kira ni in ga ƙarfen da idona.