Tambaya da Amsa: Madabod ya tafi, kamfani na min yawo da hankali

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, wata bakwai kenan da na sayi laftof sabuwa dal a kwali a wani shago a Kano, kuɗin ma sai da yayana ya cika min. Ranar Talatar da ta wuce ina cikin rubuta furojet kawai sai ta ɗauke, tun daga nan in na danna sai 'yar fitilar ta kawo, fanka ta juya kaɗan ta tsaya, fuska baƙi ƙirin. Wani mai gyara a unguwarmu ya ce madabod ne, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke jone a kai, ya tafi, wai in kawo kuɗi ya gasa shi ko ya sa min na wata. Mai shago ya ce shi garantinsa na sati biyu ne, in je in nemi kamfani. Na kira kamfanin sau uku, kullum sabon mutum sabon bayani. Dan Allah ya zan yi? Furojet ɗina na ciki wallahi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo mafita. Kafin komai, kar ka yarda a gasa maka shi. Wannan gashin da suke yi da injin iska mai zafi wani lokaci ya kan tada kwamfuta ta yi sati biyu ko wata ɗaya sannan ta sake kwanciya, kuma ranar da ka kai wa kamfani suna buɗewa za su ga tabon wuta da ragowar dalma, shikenan sun samu hujjar da za su ce kai ka lalata da hannunka. Ban sani ba ko mutumin ya riga ya kwance ta, in ya kwance ka tambaye shi tsakaninsa da Allah me ya taɓa. Buɗe murfi a leƙa daban, sa ƙarfen dalma daban.

Sannan wannan magana ta "madabod ne" ta zama kamar taifod a asibitin unguwa, duk abin da ba a gane ba ita ake liƙa wa. Alamun da ka faɗa, ram (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) da ya ɗan goce daga mazauninsa ma ya kan kawo su, haka caja mai rauni. Ka cire caja, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka mayar ka gwada. Ka ari caja irin taka, ka duba bayanta lambar ta zo ɗaya, yawanci za ka ga 19V ko 19.5V. Ka jona ta da talabijin ta wayar HDMI ko fuskar ce kawai ta mutu. In fitilar tana ƙyaftawa ko kwamfutar tana ƙara ɗil ɗil, ƙirga sau nawa ka rubuta, don wannan yaren kamfani ne, da shi suke gane inda ciwon yake.

To yanzu garanti. Galibin sabbin laftof shekara ɗaya ake ba su, kai kuma wata bakwai, kenan a takarda kana ciki. Amma juya bayan kwamfutar ko kwalin ka nemo siriyal namba, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo duk suna da shafi a intanet da za ka zuba lambar ya nuna maka ranar da garanti ya fara da ranar ƙarewa da ƙasar da aka yi wa kayan. Nan ne mutane suke shan mamaki. Wani zai ga garantinsa ya fara ƙirga tun kafin ya saya saboda kayan sun daɗe a sito, wannan mai sauƙi ne, rasit mai kwanan wata ya kan gyara shi. Mai wuyar ita ce a ce an yo ta ne don kasuwar Amurka ko Dubai wani ya shigo da ita a jaka, sai wakilin kamfani na nan ya ce ba shi da hurumi. Ina fata dai kana da rasit, kuma ina fata mai shagon ya rubuta siriyal namba a kai ba kawai "laftof ɗaya" ba kamar wanda ya sayar da buhun gero.

Kiran waya kuma ka rage shi. Sabon mutum sabon bayani da kake ji dalilinsa ba a buɗe maka fayil ba. Ka tura imel ko ka cike fom ɗinsu, ka haɗa hoton rasit da na siriyal da gajeren bidiyo na yadda take yi, ka nace sai sun ba ka lambar ƙorafi, daga nan duk wanda ya ɗauka lambar za ka fara karanta masa. Ka tambaye su cibiyar gyaran da suka amince da ita mafi kusa, ta yiwu sai Abuja ko Legas. Za su tambaye ka ko ruwa ya zuba, ko ta faɗi, ko wutar NEPA ta zo da ƙarfi, domin waɗannan ukun garanti ba ya ɗaukar su. Faɗi gaskiyar abin da ka gani kawai, kar ka fara hasashe kana cewa ƙila janareta ne, bakinka zai iya yanka ka.

Furojet ɗinka kusan tabbas yana nan lafiya, don a ma'ajiyar bayanai, wato had disk ko SSD, yake zaune, sai dai in irin siraran nan ne da ake liƙe ma'ajiyar a jikin madabod. Ka tambayi kamfani a rubuce ko sun yarda ka cire ka kwashe kayanka kafin ka miƙa, saboda cikin sharuɗɗansu ba sa ɗaukar alhakin bayanai kuma suna iya goge komai. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: in Windows ta kulle disk ɗin da BitLocker, da an canza madabod za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, ka shiga asusunka na Microsoft ta waya tun yanzu ka kwafe shi a takarda.

Ranar miƙawa ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, su ba ka takardar karɓa mai sa hannu da ta lissafa har caja. Kuma ka sani madabod ɗin da za su sa maka sau da yawa gyararre ne ba sabo ba, hakan na cikin ƙa'idarsu, ni dai ban ga laifinsa ba in yana aiki.

Mai shagon nan kuwa bai fita ba tukuna. In aka gano kayan ba na wannan kasuwar ba ne alhali ya ce maka akwai garantin kamfani, ka fara da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar wajen, sau tari su kan sasanta a zama ɗaya don ba mai son a ɓata masa suna a layi. In ya ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi ta intanet. Ka tafi da yayan naka, tunda da kuɗinsa a ciki, kuma an fi jin maganar babba.