Ya dace in biya kuɗin silima don kallon fim ɗin kimiyya?

Ɗan'uwa, ka ce za ka taso daga Sakkwato zuwa Abuja biki, kana tambaya ko ya dace ka kashe kuɗi a silima kan fina-finan nan na jiragen sararin samaniya, alhali ana iya tura maka a waya. Shawarata ka shiga, ko sau ɗaya ne.

Wanda masu turi ke zuba maka an matse shi ne har ya koma 'yan ɗaruruwan megabait. Na silima kuwa yakan haura gigabait 100, kuma na'urar haskawa ba ta buɗe shi sai da mabuɗin sirri mai wa'adi. Hoton 2K ne ko 4K, wato ma'aunin tsabtar hoto. A wuraren duhu za ka fi ganin bambanci: a waya baƙi ne kawai ya cure, a can kuwa taurari ɗaya bayan ɗaya za ka gani, har da ƙarzuwar jikin jirgin. Sauti na zuwa ta gefe da baya, in jirgi ya tashi sai ka ji kujerarka na rawa.

Bayan fitowar fim ɗin Avatar a 2009 an yi yayin 3D, wato hoton da ake gani kamar za a taɓa shi in an sa wani tabarau na musamman, amma tabarau ɗin na rage hasken hoto, wasu ma yana sa su jiri. Ni dai na fi son ka fara da na 2D, wato wanda aka saba, mara tabarau.

Zauna tsakiya, ɗan baya kaɗan. Ka riƙe rigar sanyi, don na'urar sanyaya ɗakin ba ta wasa da wanda ya saba da zafin Sakkwato. Irin waɗannan fina-finan sukan wuce awa biyu, saboda haka zaɓi wanda ba zai ci maka sallah ba.