Kwabon Guernsey marar hoton Sarauniya ba jabu ba ne

Malam, ka tambaya ko kwabon peni 10 da ka samu na Guernsey, tsibirin da ke ƙarƙashin masarautar Biritaniya, mai shekarar 1977 da hoton saniya amma babu kan Sarauniya, na jabu ne. Ba jabu ba ne, domin tun daga 1968 da tsibirin ya fara buga sababbin kwabbai, gabanin komawa lissafin peni ɗari a fam guda a 1971, tambarinsa mai zakuna uku ake sakawa a gaba, kuma sai a 1985 hoton Sarauniya Elizabeth ya hau kuɗin da ake kashewa yau da kullum.

A shekarar 1985 ɗin ce aka sauya zanen baya: saniyar ta koma kan peni 2, tumatir ya maye gurbinta a peni 10, ƙaguwa kuma ta karɓi peni 1 daga tsuntsun teku. Abin da na saba dubawa kafin komai shi ne girma, saboda an rage girman peni 10 a 1992, don haka naka babba ne da aka daina karɓa a kasuwa, darajarsa tana wurin masu tara tsofaffin kuɗi.