Me Ya Sa Kiɗan Bulus Ɗinmu Yake Fita Kamar Kiɗan Fareti?

Tambaya: Ina koyar da 'yan badujala a wata makarantar sakandare. Mun samu wani kiɗan Amurka da aka rubuta wa kayan busa, rabinsa salon bulus (blues), rabinsa bulugiras (bluegrass). Yara na bin takarda daidai, amma sai ya fito kamar fareti. Ina gyaran yake? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Malam, matsalar tana wajen sauke nauyin bugu. Idan ana ƙirga bugu huɗu-huɗu, wato gaɓa ɗaya ke nan, a fareti nauyi kan ɗaya da uku yake, inda ƙafa ke sauka. Waɗannan salon biyu kuwa kan biyu da huɗu suke jingina. A ajiye kayan busa, yara su yi ta tafi kan biyu da huɗu na minti biyar kafin kowane atisaye.

Bulus, wanda baƙaƙen fatar kudancin Amurka suka ƙirƙiro, yakan zagaya ne a gaɓa 12. Inda takarda ta nuna gajerun sauti biyu masu tsawo ɗaya, ba haka ake busa su ba. A raba bugun gida uku, sautin farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya. Sannan sauti na uku da na bakwai a tsani, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, ana ɗan sassauto su. Mai tiramban, ƙahon da ake jan sandarsa gaba da baya, ya ja ta a hankali, mai kilarinet, abin busa mai kama da algaita, ya saki leɓe kaɗan. Mutum ɗaya ko biyu za su yi wannan lanƙwasa. Idan kowa ya yi, amo ya watse.

Bulugiras daban ne. Bill Monroe na jihar Kentaki ya kafa shi a shekarun 1940 da kayan tsirkiya zalla, banjo, mandolin, goge, jita da bas, babu ganga. Sautin banjo, abin kiɗa mai tsirkiya da da'irar fata, kamar na gurmi yake, da an taɓa ya mutu, don haka a busa gajere, a tsinke, kuma a rage jan bugun da aka yi a bulus. Tuba, babban ƙaho mai kaurin murya, ta riƙe ɗaya da uku, ƙahonni su sare biyu da huɗu, mai ƙaramar ganga ya sassauta hannu sosai.

Banjo ba ya numfashi, yaro kuwa dole ya yi. A raba dogon layin tsakanin rukunin kilarinet biyu, gaɓa bibbiyu, kowane rukuni ya ƙare kan sautin da ɗayan zai fara. A soma da bugu 80 a minti, a riƙa ƙara biyar-biyar. A sa kunne kan tuba, ita ce ke fara jan ƙafa, domin sautinta na jinkirin fitowa.